Piyano a Ɗakin Haya

Piyanon ba nawa ba ne tun asali. Na wani abokin aikina ne, mutumin kudu, da muka yi haya gida ɗaya a Tasawa lokacin da aka turo mu biro, wato ofishin aikin gona. Irin na lantarki ne, dogo, mara nauyi. Duk yamma in mun taso, sai ya fito da shi gindin itacen bedin tsakar gida, ya ja waya daga ɗakinsa, yana kaɗawa ina shan shayi. A nan ya nuna mani inda ake aza yatsu. Da aka yi masa canjin aiki, motar da ta zo kwasar kayansa ta cika har sama. Ya dubi piyanon, ya dube ni, ya ce, "Riƙe mani, in na zauna zan aiko." Bai aiko ba.

Bayan tafiyarsa gidan ya yi mani girma. Iyalina suna Maraɗi, saboda lakwal, wato makarantar yara, da aikin uwarsu, sai ƙarshen wata nake ganinsu. Na daina fitar da piyanon waje, domin mutum ɗaya yana kiɗa a tsakar gida abin magana ne ga maƙwabta. Na aza shi kan tebur a ɗaki, na rage murya.

Akwai wata waƙa da ke cikin kaina tun ina yaro a ƙauyenmu, can bayan Mayahi. Ba ta da kalmomi, ko kuma na manta su. Abin da na riƙe shi ne ina goye, kuncina manne da baya mai ɗumi, ina jin muryar tana fitowa ta cikin ƙashi. Inna ta rasu ban yi wayo sosai ba, kuma ba mu da hotonta ko ɗaya. Wannan waƙar ce kawai nake cewa ta bar mani. Da yatsa ɗaya na fara lalubo ta, har na samo ta, daga baya na ƙara mata hannun hagu.

Sai na so in adana ta. Na fara ɗauka da wayata. Da na saurara, ga jakin mai amalanke yana kuka a bayan katanga, ga babur ɗin ɗan kabu-kabu yana wucewa, ga ƙwas-ƙwas ɗin maɓallan ya fi kiɗan fitowa. Na kira abokin nawa. Daga inda yake murya na yankewa, amma na ji ya ce in duba bayan piyanon, akwai wani ɗan rami mai kusurwa huɗu. In nemo igiya irin ta injin buga takardu, in haɗa da ordinatar, wato kwamfutata ta aiki.

Ranar kasuwa na bi masu kayan waya. Kowa ya zube mani igiyoyin caji, babu mai irin bakin da nake nema. A ƙarshe na shiga shagon wata mata mai fotokofi a bakin kwalta. Ta jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, ta zaro igiyar wani injinta da ya mutu, ta busa ƙurar.

"Wane irin inji gare ka, Malam?"

"Piyano ne."

Ta tsaya tana dubana. "Takarda shike bugawa?"

Muka yi dariya. Tun tafiyar abokina ban yi dariya da kowa haka ba, har na ji ban son fita shagon.

Igiyar ta shiga daram, amma ba abin da ya faru. Ashe sai na sauko da manhajar ɗaukar kiɗa, ga rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi. Sai na ɗora wayar kan katanga na zauna ina jiranta kamar mai gadin shanya. Da ta sauka, na danna maɓalli ɗaya, sai ga ɗan layi ya bayyana a allo. Na danna wani, wani layin ya fito sama da shi. Na mayar baya don in ji, shiru. Na ƙure murya, shiru. Na yini ina zargin igiyar kafin in gane cewa ita ba sauti take ɗauka ba, labari take kaiwa: wane maɓalli aka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi. Sai na zaɓa wa layukan muryar da za su yi magana da ita.

Na zaɓa, wata matsala ta taso. In na danna, sai sautin ya makara, kamar amsa daga cikin rijiya, hannuna ya rikice. Dabarar da na samu ita ce in kashe muryar ordinatar, in saurari piyanon kansa ina kaɗawa. Sannan ga matsalar kuran, wato wutar lantarki. Lokacin zafi ne, ana ɗauke wuta ba sallama, piyanon kuwa ba shi da batir. Sau da yawa ina tsakiyar waƙar fanka za ta tsaya, maɓallan su mutu a ƙarƙashin yatsuna.

Wata Asabar da hantsi na kai ƙarshe ba kuskure. Na aza hannuwana kan gwiwa, na saki abin. Waƙar ta cika ɗakin, tsaf, ba jaki ba babur, kamar wani ne ya shigo ya zauna yana kaɗa mani. Na waiwaya don in ce wa wani ya ji. Ba kowa sai rigata a jikin ƙusa. Na kira maiɗakina, ta ce tana tsakiyar aiki, sai an jima.

Mako na gaba na sa waƙar a waya, na hau motar Mayahi, daga can kabu-kabu ya ƙarasa da ni gida wurin Yaya. Ita ce babbarmu, mijinta ya rasu, idonta ya fara hazo. Na tarar da ita a zaure tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na sha fura, na ce, "Yaya, na zo maki da wani abu."

Na kunna. Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Ta karkata kai har waƙar ta ƙare.

"Ina ka samo wanga, Auta?"

"Waƙar Inna ce. Wadda take mani in ta goye ni."

Ta yi ƴar dariya, ta goge ido da bakin mayafi. "Inna? Allah ya jiƙan Inna, ko guɗa ba ta iya ba. Tun da ta haihe ka ciwo ya kwantar da ita. Nono kaɗai take ba ka, a miƙo mani kai. Ni na goye ka har ka yi tahiya. Waƙar ga kuwa a hanyar rijiya na ƙaga ta, don kukanka ya ishi gari."

Na ji kamar an sake yi mani gaisuwar Inna, domin ɗan abin da nake riƙe da shi nata ya fita hannuna. Ga kuma mai bayan nan zaune gabana, ta tsufa, ɓawon gyaɗa a cinyarta.

Na ce ta rera mani. Ta ce, "Da jikoki a gida? Rufa mani asiri." Ta ci gaba da ɓara. Can sai ta ce, "Amma wajen ƙarshe ka hau sama. Ba ta hawa, sauka take." Ta rufe baki ta yi ɗan guntun a maƙogwaro, sau ɗaya. Wayar na hannuna, ban ko tuna in ɗauka ba.

Da na koma Tasawa na buɗe ordinatar, na nemo layin, na ja shi ƙasa. Ya yi ƙasa da yawa. Na mayar sama kaɗan, ya wuce. Abin da Yaya ta yi yana tsakanin maɓallai biyu, piyanon ba shi da shi. Na bar na ƙasan, na tura wa ɗanta ya kunna mata.

Bayan kwanaki ya aiko da saƙon murya. Ana jin kaji da sautin daka a bayansa. Ya ce, "Kawu, ta ji. Ta ce ya yi kusa. Ta ce kuma in ka tashi zuwa ka taho mata da maganin ido." Na saurari saƙon na sake saurara, sannan na tashi na ɗora ruwan shayi, kofi ɗaya.