Wayoyi Shida da Baba Bai Saya Ba

Har yau idan na tuna yadda aka tsayar da mahaifina a tsakiyar kasuwar Wudil, sai in ji zuciyata tana tafasa.

Lokacin sojoji sun yi 'yan shekaru da komawa bariki, wayar hannu ta fara shiga ƙauye. Ni ina aikin buga takardu a jami'a, ina zaune a Sabon Garin Wudil. Baba yana Dagumawa, yana noma, ranar kasuwa kuma ya fito da hatsi. Ni na matsa masa ya yi waya. Na kai shi wani shago a Kano ya zaɓi ƙarama mai tocila, daga nan suka saba da mai shagon, har sukan kira juna a gaisa.

Wata Talata sabis ya ɗauke a wayar. Baba ya ce zai dawo, ya jefa ta aljihu. Ni ma da na ji ban damu ba, wannan sakacin nawa kuwa yana ci mini rai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maƙwabcin rumfarsa ya aiko a kira ni. Na tarar jama'a sun yi cincirindo, ga ɗan sanda, ga mai shagon yana ɗaga wayarsa yana nuna wa kowa.

"Ga lambarsa nan! Ya rubuto in ba ɗansa wayoyi shida masu kyamara, zai shigo Alhamis ya sallame ni. Na kira, aka ce yana salla amma ya ce a bayar. Na bayar!"

Baba yana tsaye da kwanon awo a hannu. Ya ce, "Alhaji, 'ya'yana duk mata ne. Kuma ni ban iya rubutun boko ba."

Kowa a layin 'yan hatsi ya san gaskiya ya faɗa. Duk da haka ɗan sandan ya tisa shi a gaba, a ƙafa, ta cikin kasuwa, mutanen da suka shekara talatin suna awo a wurinsa suna kallo. Sai bayan la'asar na samu aka ba ni belinsa.

Ranar Litinin na tafi ofishin kamfanin layin a Kano. Bayan dogon jira, wani ma'aikaci mai lakataye ya duba kwamfuta ya ce an yi wa layin walkam-bak, wato an kashe na hannun Baba an ba wani mutum sabo da lambar. Ya fito da takardar rantsuwar kotu da aka kawo musu: sunan mahaifina ne, amma hoton wani matashi mai saje, da sa hannu a murɗe kamar na akawu.

Na ce, "Malam, wa ya karɓi wannan?"

"Hajiya, takardu sun cika."

"Ko tambaya ɗaya an yi wa mai sajen nan? Ai sai mutum ya faɗi lambar da yake yawan kira kuke ba shi layi, wa ya gaya masa ta mahaifina?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya leƙa bayana ya ce, "Na gaba."

Ban san lokacin da na buga teburin ba. Na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa wa namiji ba, har mai gadi ya raka ni bakin ƙofa. Sai da na yi zuwa uku kafin su ba ni kwafin takardar. Da ita 'yan sanda suka rufe maganar. Mai shagon ya zo har gida ya ba da haƙuri, Baba ya ce ya yafe. Shi ma cutarsa aka yi, na sani, amma ni ban fito mun gaisa ba.

Kamfanin kuwa ko sannu. Cewa suka yi in Baba yana son lambarsa, sai shi ma ya kawo takardar rantsuwa. Na riƙe hannun dattijo muka hau matattakalar kotu, ya rantse cewa shi ne shi.

Da layin ya dawo, sai kira ya fara shigowa daga wasu masu shaguna biyu da aka damfara da lambar, suna zagi tun kafin a amsa sallama. Na karɓe wayar daga hannunsa, na riƙa amsa su da kaina wajen wata uku. Mai sajen ba a taɓa kama shi ba, ban kuma ji an tuhumi kowa a wancan ofishin ba.