Wuƙa Mai Tsawon Yatsu Huɗu

Duk mai bin hanyar Illela zuwa Birnin Konni ya san Yusuf, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan da ake hangowa a saman motar shanu, ya saƙala ƙafafu a jikin ƙarfe, rawani ya rufe masa baki, idonsa kullum yana ƙasa cikin dabbobi. Rakiya ce sana'arsa. In an gama lodi ranar kasuwa, direba ya shiga gaba, mai shanu ya zauna kusa da shi yana jan carbi, Yusuf kuma ya haye sama. Saniyar da ta durƙusa, shi zai dira tsakanin ƙahoni ya murɗa mata wutsiya ta miƙe kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Wadda ta ƙi miƙewa, ido ya fara juyewa, shi zai yi bisimilla ya sa mata wuƙa tun da sauran rai, don kada ta zama mushe.

A wata ruga kusa da Tajaye aka haife shi. Yana saurayi fari ya cinye garken mahaifinsa, to da yake bai iya komai ba sai shanu, sai ya bi na mutane. Shekara ashirin da shida ke nan yana saman mota. In sun iso Konni da yankakkiyar dabba, mahauta ba sa tambayar direba, ba sa tambayar mai ita, don su a gaba suke zaune, ba abin da suka gani. Yusuf ake tambaya. In ya ce ta yanku, a feɗe a kai kasuwa, ba mai sa shi rantsuwa. Wannan shaidar ita ce duk abin da ya tara a duniya, kuma saboda ita dillalai ke nemansa.

Kada ka ji ana maganar ƙahoni ka ɗauka jarumi ne. Matsoraci ne na bugawa a jarida. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, yana tsoron duk takardar da aka buga wa hatimi. Wanda ya fi duka kuwa, mai kaki. Ko ɗan gadin wata ma'aikata ya hango sanye da hula, sai ya tsallaka titi ya bi ta ɗaya gefen yana gaishe shi daga nesa. Tsakanin shanu kaɗai zuciyarsa ke kwanciya, don su ya san abin da za su yi kafin su yi.

Da bazarar bana al'amura suka ɗan rikice a daji, aka tsananta bincike a wani shinge da ke kan hanyarsu. Ran nan motar Yusuf na bayan ta Badaru, abokin sana'arsa, sai ya ga an sauko da Badarun, an zaro doguwar wuƙar yanka daga ɗamararsa, an shiga da shi buro, wato ofishin masu kakin. Kwana uku ya yi a can kafin maigarinsu ya zo ya shaide shi. Ba wanda ya taɓa lafiyarsa, shi da bakinsa ya faɗa, amma Yusuf bai ji wannan ba. Abin da ya ji kawai shi ne maganar babban jandarman wurin, wanda ya ɗaga hannu ya haɗe yatsu huɗu a gaban 'yan rakiya ya ce daga yau wuƙar da kaifinta ya wuce faɗin nan ba ta wucewa, mai ita ma sai ya yi bayani. A lokacin tasa wuƙar tana ɗaure a cinyarsa ƙarƙashin riga, tsawonta ya kusa kamu ɗaya. Allah ya sa ba a laluba shi ba.

Da ya koma gida bai iya cin tuwo ba. Matarsa Hafsatu ta karɓi wuƙar ta naɗe da tsumma ta cusa can ƙasan rumbu.

"Malam, ka sayi 'yar ƙarama wadda aka naɗewa, awa ta sauran mutane," in ji ta.

"Yatsu huɗu yac ce. To yatsun wa? Nawa ko nashi?"

Tambayar ba ta banza ba ce. Igiya ta faɗaɗa hannun Yusuf, yatsunsa huɗu sun kai biyar na wani. Yaron jandarman da ke bincike kuwa, Yusuf ya lura da yatsunsa, sirara ne, hannun ɗan lakwal, ɗan boko da bai san komai ba sai alƙalami. Sai ya sa Hafsatu ta haɗe nata yatsun, ya auna sillen kara a kai ya karya, ya soke shi a rawani. A hanyar kasuwa ya tuna fuskar Badaru lokacin da ake shiga da shi, ya ciro karan ya gatse kaɗan. Da suka wuce shingen nan ya ƙara gatsar wani. Kafin ya isa Konni, ko yatsun Hafsatu uku da ƙyar karan zai rufe.

Junaidu mai teburin wuƙaƙe da tocila da kwaɗuna ya daɗe da sanin Yusuf. Ya zube masa 'yan naɗewa kusan goma, masu ƙotar itace da masu ta roba, ya tsaya yana kallon dattijo na buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana kara su da guntun kara, yana waige-waige kamar mai sayen abin sata.

"Baba Yusuf, mi kaka nema haka? Wuƙar yanka ko ta yankan akaihwa?"

"Wadda ba ta sa a shiga da ni buro."

Junaidu ya ɗauko wata mai ƙotar itace da zoben ƙarfe a wuya. Ya buɗe ta, ya murɗa zoben, ya danna bayan kaifin da ƙarfi a gefen tebur, ba ta motsa ba.

"Wagga ita ta dace da aikinka. In ka murɗa zoben ga, ba ta rufewa bisa hannunka. Kuma yatsu huɗu ta cif, aza naka ka gani."

Yusuf ya aza yatsunsa, suka rufe kaifin har da saura. Ya kara karansa, wuƙa ta zarce shi da kamar faɗin yatsa guda. Ya san wannan ce ta aiki, hannunsa ya gaya masa tun da ya riƙe ta. Ya tsaya yana jujjuya ta, rabin zuciyarsa na wurin wuyan bijimi, rabi na ƙofar buro. Can wani mai kaki ya gifta a kan babur, ko kallon teburin bai yi ba, amma shi ke nan an gama shawara. Yusuf ya ajiye mai zobe ya ɗauki wata 'yar mitsitsiya mai jar ƙota, wadda ta yi daidai da karan.

"Baba, wagga ba ta da makulli. Ta ɓare lemu ta."

"Ina wasa ta. Kaihi aka so, ba tsawo ba."

Shi kansa bai yarda da maganar ba. Kwana biyu ya yi yana wasa ta a dutse har tana aske gashin hannu, yana roƙon Allah kada ya sa ya buƙace ta.

Ranar kasuwar Illela, Alhaji Mahamudu dillali ya loda mota. Mutum ne mai ƙatuwar murya, in yana faɗa a kara, wato kasuwar shanu, ana jin sa a tasha, kuma Yusuf ya fi shekara goma yana yi masa rakiya yana tsoronsa. Cikin lodin akwai wani jan bijimi mai tozo, wanda Alhaji ya yi ta zagayawa yana shafawa tun safe. An cika motar fiye da ƙima, rana kuwa ta bazara ce, ƙarfen mota ba ya taɓuwa.

A shinge aka ce mutumin sama ya sauko. Yusuf ya sauko, ya miƙa wuƙar da hannu biyu tun ba a tambaye shi ba.

"Ga ta, ranka shi daɗe. Ko ukku ba ta cika ba."

Yaron jandarman ya buɗe ta, ya rufe, ya yi murmushi ya mayar masa. Ko aunawa bai yi ba. Yusuf ya haye sama yana hamdala, amma wani abu ya tsaya masa a rai, don ya gane mai zoben nan ma da ta wuce lafiya lau.

Suna gab da Tsarnawa mota ta faɗa rami, shanu suka zube gefe guda, da suka daidaita babu jan bijimi a tsaye. Yusuf ya buga rufin gaba da ƙafa, ya ƙwala wa direba kira, ƙarar inji ta haɗiye muryar. Sai ya dira. Ƙasa duhu ne da zafi da warin fitsari, ƙafafu ta ko'ina. Bijimin ya faɗi wuyansa a lanƙwashe ƙarƙashin wata saniya, harshe a waje. Ya murɗa masa wutsiya, ya cije ta, ya toshe masa hanci don ya zabura, duk a banza. Da ya ga ido ya fara juyewa ya san lokacin tayarwa ya wuce.

Ya tura saniyar da kafaɗa, ya danne kan da gwiwa, ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Da tsohuwar ce, ja ɗaya ya isa. Wannan kuwa sai ta nutse cikin fatar wuyan nan mai kauri da ke reto, ta ɓace a ciki ba ta kai ko'ina ba. Ya sake ja, fata na gudu tana dawowa. Tsoro ya rufe shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban mai kaki, don yana jin numfashin dabbar na raguwa a ƙarƙashin gwiwarsa. Ya juya wuƙar ya danna da tsini don ya huda. Nan take ta naɗe ta rufe a kan yatsunsa biyu, ta shiga har ƙashi.

Bai ji zafi ba a lokacin. Ya ɓamɓare ta da haƙori, ya koma da hannun hagu, ya yi ta yi har ya kai maƙogwaro ya raba jijiyoyin. Sai ya dakata yana jiran abin da ya saba gani, jini ya yi tsartuwa, ƙafar baya ta yi shuri. Jinin ya fito baƙi, a hankali, yana bin wuya. Ƙafa ba ta motsa ba. Ya taɓa ƙwayar idon da yatsa, ba ta ƙifta ba. Rai ya riga wuƙa fita, da kaɗan, amma ya riga ta.

Sai a lokacin direba ya ji shanu na hargowa ya taka burki. Alhaji Mahamudu ya taka taya ya leƙo ta sama. Ya ga bijiminsa a kwance, wuya a buɗe, jan jini a kan tozo da ƙaho da gaban rigar Yusuf. Ya yi salati, ya ja dogon numfashi.

"To, Allah ya ƙaddara. Alhamdu lillahi da kas same shi da rai. Ga jini nan ja wur. Ya yanku, ko Yusuf?"

Yusuf ya ɗaga kai. Ba wanda ya gani. Direba na ƙasa yana duba taya, shanu ba sa magana, Alhaji kuma ya riga ya ba shi amsar a baki, kai kawai zai gyaɗa. In ya ce a'a, kafin la'asar duk dillalan Illela da Konni sun ji cewa ya hau mota da wuƙar ɓare lemu ya jawo wa Alhaji asarar bijimi. Amma sai ya tuna inda naman zai tafi, tukwanen matan Konni, da tsiren bakin tasha, da mutanen da za su yi bisimilla su kai baki saboda shi ya ce. Wannan tsoron ya danne wancan.

"Magana nika yi maka, Yusuf. Ya yanku?"

"Bai yi shuri ba, Alhaji."

"Kai, wane irin shuri cikin matsin ga? Ba ka ganin jini?"

Yusuf ya ɗaga hannunsa na dama, jini na bin gwiwar hannun yana ɗiga a kan bijimin.

"Jan da kaka gani nawa na. Mushe na, Alhaji."

Ya runtse ido yana jiran muryar nan ta faɗo masa, amma ba ta zo ba. Alhaji ya sauka ya ce wa direba a buɗe baya. Su uku da wasu manoma biyu da suka taso daga gona suka ɗaura wa bijimin igiya suka ja shi nesa da titi, Yusuf na ja da hannu ɗaya. Direba ya yage gefen rawanin ya ɗaure masa yatsun, a Konni kuma likita ya ɗinke su, Yusuf ya juya fuska bango don kada ya ga allura.

Da kasuwar Illela ta zagayo ya je da wuri kamar kullum, hannu a naɗe, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Alhaji Mahamudu ya gama lodi, ya amsa gaisuwarsa ba tare da ya dube shi ba, ya shiga gaba. Wani ne ya hau sama.