Mai Askin da Ya Koyi Kitso

Faɗana da mai aski a bakin ƙofar coci muka yi shi, ko in ce ni na yi, don shi bai ce uffan ba. Ranar da motar sansanin matasa za ta tashi ce, sai ga 'ya'yansa mata biyu da bokiti da tabarma, kawunansu tal kamar ƙwarya.

Na ce, "Kai, mai aski! 'Ya'ya mata Allah ya ba ka ko kuratan soja?"

Mutane suka kwashe da dariya. Ya sunkuyar da kai yana murza hula, ƙatoton mutum, har ƙeyarsa ta jiƙe da zufa.

Matarsa ta rasu tun ƙaramar tana goye. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da bencin da 'yan matan ke aikin makaranta a kai. Duk abin da coci ta shirya wa yara, nasa suna ciki: waƙa, haddar aya, wasan kwaikwayo. Ya ce shi bai san abin da uwa ke faɗa wa 'ya mace ba, gara ya kai su inda za su ji. Shi ke wanke musu kayan mawaƙa, ya goge har su yi ƙyalli. Amma ya shigo cikinmu matan zumunta ya yi tambaya? Ina! Sai dai ya tsaya can gindin katanga kamar wanda aka aiko ya manta saƙon.

Da shekara ta zagayo, sansani ya matso, sai ga shi a ƙofata da mataji a aljihu.

"Iya, kitso nake so ki koya min."

"A kan wa?"

Ya kalli ɗankwalina.

Na ce, "Lallai ba ka da kunya." Alhali kunyar ce ke neman kashe shi. Sai da ya tura ƙofa ya sa sakata kafin ya zauna. 'Yan furfurata da suka rage sun sha wuya, domin yana ja kamar mai jan guga a rijiya. Tsaga kam, ban taɓa ganin mai miƙe ta kamarsa ba. Kitson ne dai ya zo daga baya, a karkace, amma ya zo.

Shekarar ni ce mai girki a sansanin, a wata makarantar kwana da aka ara. Da 'yan matan suka sauko daga mota na ga kitso a kansu, na ce madalla. Da suka matso sai na ga ɓarnar. Hannun mai aski bai iya barin aiki haka ba. Da ya gama kitson, sai ya ɗauko reza ya gyara musu gaban goshi da gefen kunne, layi tsaf, kamar yadda yake yi wa samari.

Ƙaramar ko a jikinta. Babbar kuwa ta fara zama budurwa, kuma ita aka zaɓa ta ja waƙa ranar rufewa, ranar da iyaye ke zuwa. Kafin azahar 'yan ɗakinsu sun raɗa mata suna Ango. Ta ja ɗankwali har gira, da shi take wanka. Ta zo wurin murhu idonta jawur ta ce, "Iya, ki aika masa kada ya zo."

Na ce, "Ni 'yar aikenki ce?"

Ban aika ba, amma wani direba mai dogon baki ya kai masa labarin duka.

Ranar rufewa iyaye suka cika ɗakin taro. Na fito ɗiban itace, sai na tarar da shi a bayan kicin, cikin rigarsa ta Lahadi, yana faskare da ba wanda ya sa shi.

"Me kake yi nan?"

"Daga nan ma ana ji, Iya."

Ana ji kuwa. Muryar babbar ta fito ta taga, sai ya ajiye gatarin ya tsaya, bai motsa ba har ta kai ƙarshe. Ƙaramar ce ta hango shi, ta je ta jawo yayarta. Babbar ta zo ta tsaya nesa kaɗan, tana wasa da bakin zani. Ta ce, "Baba, sannu da zuwa," da ƙyar na ji. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ban sani ba ne." Sai suka yi cirko-cirko. Ita tana kallon ƙasa, shi yana kallon ƙasa, ni kuma tukunyata na neman kamawa.

Ba a daɗe ba wanda ya ba shi hayar shagon ya karɓi abinsa, suka ƙaura wani gari wurin ɗan'uwansa, ban sake sa su a ido ba. Don haka maganata ta ƙarshe da su ita ce ta bayan kicin ɗin nan, ludayi a hannuna:

"Me kuka yar a ƙasan da kuke nema? Ke, kama hannun ubanki ki kai shi gaba inda iyaye ke zama. Kai kuma kakkaɓe rigarka, ba ka zo faskare ba."