Bashira da Mabuɗin Alhaji Babaji

Duk wanda ya ce Bashira ba ta da ladabi, ya zo ya faɗa a gabana. Ni ce gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, a hannuna ta koyi tafiya a gidanmu na Ƙofar Sauri, kuma har ta girma ban taɓa ganin ta gaida babba a tsaye ba. Amma yau in za a kwatanta ta a unguwa sai a ce ɗiyar Malam Amiru, wadda ta wulakanta Alhaji Babaji. Maganar nan tana ci mini rai, shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi.

Tun tana ƙarama Bashira ba ta son magana a dunƙule. In ka aike ta ka ce ta sayo ɗan kayan miya, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ka wane da wane, na miyar me, mutum nawa za su ci. Mukan yi ta tsokanarta muna kiranta alƙaliya. Da wannan halin ta karanci kwamfuta a jami'a, ta yi 'yan shekaru tana aiki a Legas, har idon yayana Malam Amiru ya fara rauni. Ba wanda ya ce ta dawo. Ita ta tattaro kayanta ta dawo gida, alhali kowa yana faɗa mata irin aikinta ba a samun sa a Katsina.

Sai ga shi ta samu. Wani likita, Dakta Nabil, yana da wurin gwajin jini a Ƙofar Ƙaura, da rassa a wasu garuruwan jihar. Sakamakon gwajin mutane duk a wata tsohuwar kwamfuta yake a ƙarƙashin teburin karɓar baƙi, ranar da ta ga dama ta tashi, ranar da ba ta ga dama ba a ce wa mai jiran sakamako ya dawo gobe. Aka ɗauki Bashira ta gyara wannan, aka haɗa ta da Audu, magidanci mai haƙuri wanda ya daɗe yana lallaɓa kwamfutocin wurin.

Ni malamar firamare ce, ban san komai a harkar ba, amma na matsa mata ta yi mini bayani wata rana muna gyaran shinkafa. Ta ce ta kwashe bayanan ta zuba a wani rumbu da ke ajiye na kowane mutum daban, kamar takardarsa ta kansa. Rumbun kuma yana gudana ne a kan wani tsari da suke kira Kubanetis, wanda ke rarraba aiki a kan injuna da yawa. Abin da ya fi burge ta shi ne ba ta bin injin tana ce masa yi kaza, bari kaza. Fayil guda ta rubuta, ta zayyana yadda take son rumbun ya kasance: kwafi uku a injuna uku, girmansa kaza, wane yana da mabuɗin shigar da sakamako, wance tana da na dubawa kawai. Akwai wata manhaja da ta laƙaba wa suna mai gadi, aikinta ta riƙa duba fayil tana duba rumbu. In inji ya mutu, mai gadi ya tayar da wani. In wani ya sa hannu ya ƙara abin da ba a rubuta ba, mai gadi ya cire. Wanda ke son canji sai ya rubuta a fayil, da sunansa da dalilinsa, wani kuma ya duba ya amince.

Na ce mata ashe ɗakin kakarta ta gina. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙan ta, in ka gusar mata da kwano ɗaya a jere, kafin ka juya ta mayar da shi inda yake, ba tare da ta ce maka uffan ba. Bashira ta yi dariya ta ce ƙwarai, haka yake.

Aiki ya tafi lafiya. An daina ce wa mutane su dawo gobe, Dakta Nabil har gida ya zo ya gaida yayana ya yaba. Ya kamata a sani cewa yawancin masu zuwa wurin nan gwajin kafin aure ke kawo su. Saurayi da budurwa su ba da jini, sakamako ya fito, wani a yi murna, wani a koma gida a rufe ƙofa. Abin da ke cikin rumbun nan asirin gidajen mutane ne, ba lissafin buhunan gero ba.

Shi kuwa Alhaji Babaji yayan Dakta Nabil ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, kuma ginin da wurin gwajin yake ciki nasa ne. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai kyauta, mai zuwa jana'iza da suna. Shi ne wanda iyaye ke zuwa wurinsa in an zo neman auren 'yarsu, su ce Alhaji a bincika mana gidan su yaron nan. Ya daɗe yana wannan hidima, yana kuma jin daɗin a ce ba abin da ke ɓoye masa a gari. Da ya ji cewa yanzu ana iya ganin sakamako ta waya, sai ya ga ai bincike ya zo da sauƙi.

Bai je wurin Bashira ba. Audu ya kira gidansa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da yara da gajiya da mahaifin Audu, wanda tare suka yi makarantar allo da Alhaji, aka sha shayi, sannan Alhaji ya ce akwai wata 'yar alfarma. Wanda ya tashi a garin nan ya san inda Audu ya tsinci kansa. Babba ya ce alfarma, a ɗakinsa, bayan ka sha shayinsa, da wane bakin za ka ce a'a? Audu ya ce to, in sha Allahu. Ya koma ofis, ya shiga rumbun kai tsaye da hannu, ya buɗe wa Alhaji mabuɗin da ke ganin komai. Bai rubuta a fayil ba, don ya san in ya rubuta sai Bashira ta gani.

Kafin Alhaji ya gama laluben gilashinsa, mai gadi ya share mabuɗin.

Audu ya sake buɗewa, aka sake sharewa. Ya yi ta yi kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Ranar da abin ya ɓaci, Alhaji yana zaune a zaurensa da baƙi, iyayen wata yarinya, ya ce su dakata yanzu zai duba musu. Ya danna waya, ta ce ba ta san shi ba. Ya danna, ta maimaita. Baƙi suka sunkuyar da kai. Da ya kira Audu yana faɗa, Audu ya rantse ba shi ba ne, inji ne ke cirewa da kansa. Alhaji ya ce shi bai taɓa ganin inji marar ubangida ba, a faɗa masa wa ke juya shi. Nan sunan Bashira ya fito.

Ita ta riga ta lura mai gadi yana ta share wani mabuɗi, ta tambayi Audu, ya yi ta kame-kame yana cewa gwaji yake yi. Ba ta san na wane ne ba sai da Dakta Nabil ya kira ta ofishinsa. Ya yi mata bayani cikin lallashi, ya ce Alhaji uba ne gare shi, ba zai iya haɗa ido da shi ba in abin nan ya ci gaba. Bashira ta ce wurin nasa ne, hanya kuma ɗaya ce: a rubuta a fayil cewa Alhaji Babaji yana da mabuɗin duba sakamakon kowa, a rubuta dalili, shi Dakta ya sa amincewarsa. Ta ƙara da cewa ita dai ba za ta zama mai rubutawa ba. Likita bai bi wannan hanya ba. Ya fi kowa sanin abin da zai biyo baya in aka ga sunansa a ƙarƙashin wannan layi.

Ya ce, “Bashira, alfarma ba a rubuta ta. Ki dai hwaɗa ma mai gadin naki ya kau da kai daga mabuɗi guda. Ba wanda zai sani.”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, in abu ne da za a iya yi, a rubuta shi. In ba a iya rubuta shi, to ni ban iya yin shi a ɓoye. Mutanen ga jininsu suka ba mu, ba su ba Alhaji ba.”

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, a zaune, da murya ƙasa-ƙasa. Amma kafin sati ya zagayo labari ya cika unguwa da ƙafafu da fukafukai. Wai ta ce Alhaji ya rubuto takardar neman izini. Wai ita ke zama tana jira, da ya shiga ta kore shi tana dariya. Wai Legas ta buɗe mata ido, ba ta ganin kowa da gashi. A gidan biki wata da nake ganin mutuncinta ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, yaran yanzu sai addu'a. Na tambaye ta ko za ta so a karanta sakamakon 'yarta a zauren wani, a gaban baƙi. Ta ce ai wannan daban. Wallahi da ƙyar na haɗiye abin da ya zo mini baki. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da Alhaji ke nema a cikin jinin 'ya'yan mutane. Abin da ya dame su kawai an hana babba, kuma mace ce ta hana, kuma ƙaramar yarinya.

Yayana mutum ne da bai taɓa rigima da kowa ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, abin da ya rage masa a duniya majalisarsu ta bayan la'asar a ƙofar masallaci, inda shi da Alhaji suke zama kan tabarma ɗaya. Ya ce Bashira ta shirya su je ta ba da haƙuri. Na ce haƙurin me, me ta yi? Ya ce in bar shi, ni ban san zaman gari ba. Na bi su don kada a ci ta da yawa.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Alhaji. Ta ce in maganarta ta ɓata masa rai ya yafe mata, ba ta yi don raini ba. Alhaji ya saki fuska, ya ce ya yafe duniya da lahira, ai ɗiyarsa ce, ya sa aka kawo lemo. Har na fara sakin jiki. Sai ya gyara zama ya ce to madalla, tunda an fahimci juna, yaushe za a gyara mashi wayar tashi?

Yayana ya juya wajen da take, da idanun nan nasa da ba sa gani sosai. Bashira ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, “Baba Alhaji, wanga ɗaya ne ban iyawa.”

Ba a sha lemon ba. A hanya sandar yayana kawai ake ji.

Ba a kore ta da faɗa ba, mu nan ba ma haka. Dakta Nabil ya ce ta ɗan huta har ƙura ta lafa, kuma kowa ya san ma'anar hutun. Ta je ta miƙa wa Audu aiki, ta nuna masa inda komai yake, da abin da zai yi in inji ya mutu. Ƙa'idar da ita ta kafa ta ce wanda zai bar aiki a cire sunansa a rubuce. Ta buɗe fayil, ta goge layin da ke ɗauke da sunanta, ta rubuta dalili, ta tura wa Audu ya amince. Ta faɗa mini ya daɗe yana kallon allon, ya ce mata shi fa bai so haka ba, yana da yara. Ta ce ta sani, ya danna kawai. Ya danna. Mai gadi bai tambayi ko ita ce ta gina wurin ba, ya rufe mata ƙofa kamar yadda ya rufe wa Alhaji. Ta ɗauki jakarta ta fito ta tari Keke Napep.

Ko an ba Alhaji mabuɗin bayan tafiyarta, ban sani ba, ita ma ta hana ni zargin abin da ban gani ba. Na dai san Dakta Nabil yana nan da sunansa mai kyau, Audu yana nan da aikinsa, Alhaji kuma har yau shi ake kai wa bincike. Ita kaɗai ce ta fita ba aiki ba suna, a garin da ta baro Legas dominsa. Wannan ne ba zan yafe ba, ko da ita ta yafe.

Ranar da ta dawo daga miƙa aikin ina gidan. Yayana yana zaune a tsakar gida, ya ji motsinta ya kira ta. Ta zo ta durƙusa. Ya tambaye ta ko daga ƙarshe ta ba Alhaji mabuɗin.

Ta ce, “Ban ba shi ba, Baba.”

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya miƙa hannu ya lalubo kanta ya dafa, ya ce ta tashi ta je ta ci abinci. Da aka kira la'asar ya yi alwala ya tafi masallaci, ana sallamewa ya dawo gida. Tun daga ranar bai sake zama a majalisa ba.