Suhaibu, Ni Na Zaɓa Maka Bargon

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga Agustan 2024, ana fitowa daga sallar la'asar, waya ta shigo Tudun Wada daga tsaunin Mambila cewa Suhaibu Nagoda ya rasu. Shekararsa talatin da ɗaya. A can aka yi masa sutura, don haka mu a nan ba mu ga fuskarsa ba, ba mu ɗauki makararsa ba. Abin da ya dawo mana, bayan kwana tara, jakarsa ce ta goyo.

Suhaibu, kowa ya yabe ka, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Saratu mai ƙosai ta zo gaisuwa tana kuka, tana ba da labarin ranar da akuyarta ta ci leda cikinta ya kumbura, ka tsuguna a cikin kwatamin ƙofar gidanta da fararen kayanka na Juma'a har sai da ta miƙe. Ka karanta aikin dabbobi, amma ba ka taɓa cewa mai akuya ɗaya ya jira ka gama da mai garke ba. Ni kuwa alherinka gare ni daban ne. Na bar makaranta tun aji uku na sakandare, kai ka gane ina son karatu. Duk ƙarshen zango sai ka bi ɗakunan ɗaliban jami'a a Kongo, ka tattaro littattafan da suka watsar, ka cika kwali, ka ɗora a keke ka kawo mini. Sau nawa ka janye ni daga teburin mai shayi ina shirin zagin wanda ya isa ya haife ni? Sai ka kama hannuna ka ce, "Mujahid, bakinka ya riga kanka tashi daga barci." In yi ta huci, kai kana dariya.

To, yau bakin nan zai faɗi abin da ba a faɗa a zaman makoki ba.

Da aka ɗauke ka aikin rigakafin shanu a Mambila, an gaya muku mako uku za ku yi kuna bin rugage a ƙafa, inda mota ba ta zuwa. Komai a bayanku: kular allura, garin kwaki, tukunya, abin rufa. Mahaifiyarka, Inna Hajo, ta fito maka da sakalar mahaifinka, bargon ulun nan baƙi da ya yi fatauci da shi shekara ashirin. Na ɗaga shi na ji ya fi kilo uku. Na ce wannan ai hukunci ne, ba bargo ba. Na ce mutanenmu har gobe sun ɗauka nauyi shi ne ɗumi. Na karanta, kuma abin da na karanta gaskiya ne: masu tafiyar ƙafa a ƙasashen sanyi suna rufa da bargon da aka cusa wa lallausan gashin ƙirjin agwagwa, bai kai kilo ɗaya ba, ana dunƙule shi ya koma kamar ƙwaryar fura, ɗuminsa kuma ya fi na ulu.

Na ja ka muka tafi rumfar Malam Ɗantsoho mai gwanjo, wanda ya fi shekara talatin yana kwance dila. Muka yi sa'a akwai guda uku. Ni na zaɓa, da ilmina na waya. Na matse kowanne na sake, in ga wanda zai fi saurin tashi. Na ɗaga su a rana ina duba inda gashin ya gudu ya bar fili. Na shinshina. Na bi ɗinkin gida-gida da yatsa. Na ɗauki shuɗin, na ce ga shi.

Malam Ɗantsoho ya tambaye ka ina za ka. Ka ce Mambila. Ya ce a wane wata? Ka ce gobe ma za ku tashi.

Ya ce, "Da damina? Ɗana, ajiye shi. Wannan na ƙasar da sanyinta busasshe ne. Ka taɓa ganin kaza ta faɗa rijiya? Haka yake komawa in ya jiƙe, kuma sai ya kwana uku bai bushe ba. Ulu ko ya sha ruwa yana riƙe ɗumi."

Na ce, "Baba, agwagwa fa aka ce, ba kaza ba. A ruwa take kwana."

Mutanen rumfar suka kwashe da dariya. Tsohon bai yi ba. Ya ce, "Mai rai ke nan. Ita ke shafa wa gashinta mai." Ya ƙara da cewa in dole sai shi, to ka haɗa da babbar leda mai kauri. Na ce jakarka ba ta shan ruwa, an rubuta a jikinta. Ka dube ni, ka dube shi, ka ce, "Malam, bar shi, wannan ya fi mu karatu." Ba gatse ka yi ba, Suhaibu. Da gatse ne da na fi samun sauƙi.

Yusha'u, abokin aikinka da ya kawo jakar, shi ya ba ni sauran labarin. Mako na farko kana ta sa mini albarka, har sauran suna taɓa bargon suna sha'awa, su suna nishi da nasu. A rana ta tara kuka tsallaka rafi ruwa iya ƙirji, sama kuma ta tsuge kwana uku ba ta ɗauke ba. Jakar ta sha. Bargon ya koma dunƙulen tsumma. Sauran suka matse nasu na ulu suka rufa a jiƙe, kai ba ka da komai. Yusha'u ya ce ya yi ya yi ku haɗa nasa, ka ce bai ishi mutum biyu ba, shi kuma yana fama da zazzaɓi. Halinka ke nan, har a inda bai kamata ba. Tari ya fara, haƙarƙari ya kama. Kafin su sauko da kai kan doki zuwa inda akwai likita, kwana biyu sun wuce, a wata ruga a hanya ka cika.

Na san abin da za a ce mini, an ma riga an faɗa: kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka, ba sai an koya mini ba. Amma ba zan yarda a mai da ƙaddara tabarmar da ake shimfiɗawa kan kashi ba. Waɗanda suka tura samari shida kan tsauni a tsakiyar damina babu tanti, babu ko tamfol, babu maganin tari a jakar kowa, sun aiko da takardar ta'aziyya mai tambari, an ma rubuta sunanka ba daidai ba. Su je, akwai ranar da za a karanta musu tasu takardar. Ni dai ba zan ɓuya a bayansu ba. Na karanta rabin magana, na ɗauke ta duka ce, na kuma yi amfani da kaifin bakina na rufe bakin wanda ya san sauran rabin. An ce wata ƙungiyar za ta hau a watan gobe. Duk wanda ɗansa ko ƙanensa ke ciki, ya ji: bargon gashin agwagwa alheri ne in zai zauna a bushe. In ba ku da tabbacin haka, ku ɗauki nauyin ulu, ku yi nishi, ku dawo.

Kwana arba'in ina zuwa gidanku ina zama a zaure, ina karɓar gaisuwa kamar ɗan gida, ban iya haɗa ido da Inna Hajo ba. Ita ta ɗauka kai ka raina sakalar. Jiya na shiga. Na same ta tana tsince shinkafa, 'yarka Salwa mai shekara biyu tana barci a cinyarta. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da maganar kazar, har da dariyar. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

Ta ce, "Kai ka saukar da ruwan?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "Amma kai ka kunyata tsoho a rumfarsa."

Na ce, "Ni ne."

Ta daɗe tana juya shinkafar a faifai. Sannan ta ce, "Ka je ka ba shi haƙuri yau, kafin magariba. Nawa kuma na yafe, don na san yadda yake son ka. Na wannan," ta dafa bayan yarinyar, "ba ni da ikon yafe shi. Ka jira ta girma ka faɗa mata da bakinka."

Na je wurin Malam Ɗantsoho. Jiran Salwa ta girma kuma zan yi shi, in Allah ya ba ni kwanakin.

Ya Allah, ga bawanka Suhaibu, ya mutu baƙo a ƙasar da ba tasa ba, yana neman halali. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, ka sa aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Hajo haƙuri, da matarsa Bahijja da ke takaba, da 'yan'uwansa na Tudun Wada da Gyallesu. Ka saka wa Yusha'u da mutanen rugar da suka wanke shi suka sallace shi ba su san danginsa ba. Ka raya Salwa cikin aminci. Ni kuma, ya Rabbi, ka ba ni ƙarfin tsayawa gabanta ranar da za ta iya tambaya.

Mujahid, Tudun Wada, Zariya.