Tambayoyina Sun Je Ofishin Ɗana

Ban taɓa shiga aji ba. Duk abin da yake rubuce sai wani ya karanta mini, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Da maigidana ne yake yi mini karatu: takardar asibiti, saƙon waya, rubutun jikin kwalin magani. Bakanike ne a Apo. Yakan dawo gida Masaka da hannu baƙi ƙirin, ya riƙe takarda da bakin yatsu don kada ya ɓata ta. Allah ya ji ƙansa. Har yau ba na iya ambatonsa ba hawaye.

Da na fita takaba, babban ɗana ya kawo mini waya mai shafawa. Ya nuna mini wani ɗan hoto a fuskarta, ya ce, "Inna, wannan na bincike ne. Ki danna, ki yi magana, zai nemo miki."

Da farko lokacin salla nake tambaya, da maganin ciwon gwiwa. Abin binciken yakan kawo bidiyon malamai, in zaɓa ta fuska. Wata rana bayan azahar, gidan ba kowa, na ce masa, "Mamaci yana jin kukan matarsa?" Daga nan bakina ya buɗe. Na tambaye shi me ya sa har yanzu nake auna shinkafar mutum biyu. Na tambaye shi ko haramun ne mace ta roƙi Allah ya ɗauke ta. Amsoshin ba su sanyaya mini zuciya ba. Amma tun da aka haife ni ban taɓa yin tambaya ba idon kowa a kaina ba sai lokacin.

Ran nan ɗana ya zo tsakiyar mako, da ƙanwarsa. Bai ko cire takalmi ba ya durƙusa.

"Inna, mutuwa kike roƙo?"

"Wa ya gaya maka?"

Ashe da sunansa ya buɗe wayar. Duk abin da na faɗa yana jere a kwamfutarsa ta ma'aikata, ɗaya bayan ɗaya.

"Har da shinkafar?"

"Har da ita, Inna."

Yana kuka, ni kuwa ji na yi kamar an yaye mini zane a kasuwar Utako.

Ya ce zai cire sunansa, ya cire. Sai 'yata ta ce, "Ai ba ke nan ba, Yaya. Masu abin ma suna ajiye duk abin da ta faɗa."

Na ce, "Su waye? A ina suke?"

Mutanen da ba su zo mini ta'aziyya ba, su ne ke riƙe da kukana.

Ta sa mini wani abin binciken a gefen na farkon, ta ce wannan ba ya ajiye komai. Na danna, na yi masa magana, bai gane ko kalma ɗaya ba.

"Ba ya jin Hausa da baki, Inna, sai an rubuta. Ki faɗa mini in rubuta miki."

"Ke kuma wa zai toshe miki kunne?"

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta sunkuyar da kai.

Tun ranar suke kirana a kai a kai. Ɗana ya sa surukata tana aiko mini abinci kada in dafa. Sun kyauta. Amma yanzu in na yi shiru kaɗan sai in ga an kalli juna.

Abubuwan binciken suna nan su biyu a fuskar wayar. Ɗaya yana jina amma ba ya riƙe sirri, ɗaya yana riƙewa amma ba ya jina. 'Yata ta ce in zaɓa ta goge ɗaya. Na kasa.

Jiya da hantsi wata tambaya ta taso mini game da maigidana. Na danna na farkon, ya yi ɗan ƙaransa yana jira. Na buɗe baki, na rufe. Ya gaji da jira, fuskar wayar ta yi duhu.