Salkar da Wada Ya Kai Jidda

A unguwar Hindawiyya ta Makka an yi wani ɗan ga-ruwa mai suna Wada, sagga kamar yadda mutanen garin ke kiran masu sana'arsa. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: ya bi layi a bazan, inda unguwa ke ɗiban ruwa, ya cika garwa biyu, ya rataya su a gora, ya hau benaye hawa huɗu hawa biyar har kafaɗarsa ta yi kanta. Ba wanda ya taɓa ce masa rago. Cutarsa ɗaya ce tak, son kallo.

Ba kuma kallon banza ba, in ji shi, kallon ci gaba. Turawa ba sa shiga Makka, saboda haka duk abin mamakin da ya sauko daga jirgin ruwa a Jidda yake cijewa, shi kuwa Wada ya ɗora wa kansa nauyin zuwa gaishe shi a madadin al'umma. Da ya ji wani kamfani ya kafa tanti ana nuna injuna, sai ya jingine gora, ya bar gida bakwai da randa a bushe, ya haye bayan lori. Ya ga akwatin da ke haifar ƙanƙara. Ya ga keken ɗinki mai gudu ba a taka shi ba. Washegari ya dawo da ƙura har cikin kunne, ya yi sati yana ba da labari, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

Sannan ga majalisarsu ta masana sararin sama. Mutum shida ne, suna haɗuwa duk bayan sati huɗu a wata gahawa, wato shagon shayi, kusa da tashar motar Jidda. Wani magatakarda, Hashimu, shi ke karanta musu labaran mujallun Masar, na mutanen ƙarfe da jiragen da ke sauka a kan taurari. Sai su yi ta musu, jijiyar wuya a miƙe, a kan ko matafiyin tauraro zai yi ƙasaru. Cikinsu ba wanda ya taɓa wuce Madina. Wada bai iya karanta mujalla ba, amma shi ya kawo tambayar da ta gagari manyan malaman nan: in an isa can, wa zai kai musu ruwa?

"Abu Maryama," in ji matarsa Sa'adiya ran da ya maimaita mata tambayar, "mutanen tauraro su yi sabur tukuna. Gidan Hajiya Hauwa tun jiya ba moya, ko ɗigon ruwa."

Abu ɗaya ne Wada bai taɓa wasa da shi ba, salkar ubansa. Ta fatar akuya ce, baƙa wul saboda tsufa. Da ita tsohon ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, ta Chadi ta Sudan, yana noma a gonakin mutane yana matsawa gaba. Ya rasu a Makka, aka binne shi yadda ake binne kowa a can, ba suna ba alama, har Wada ba ya iya nuna wurin. Salkar ce ta rage masa. Kowace Juma'a sai ya shafe ta da kitse, ya ɗura mata ruwa, ya rataye ta a inuwa, domin kowane sagga ya sani salka in ta bushe ta tafi ke nan.

A shekarar 1958 Hashimu ya zo da albishir. Za a yi babban baje koli na sha'anin ruwa a Jidda, sati uku cur, kuma masu shiryawa na neman tsohuwar salka. Wada ya ji kansa ya kusa taɓa rufin gahawa. Ubansa a tanti ɗaya da injuna!

"Ka dai ce musu su riƙa jiƙa ta," in ji Sa'adiya, tana kallonsa yana naɗe ta a sabon mayafi.

"Haba, Sa'adiya! Mutanen da suka ƙera injin ƙanƙara zan koya wa riƙon salka? Aib ne, wallahi."

Bai gaya musu ba kuwa. Kunya ta hana shi, kada masu ilimi su ɗauke shi baƙauye.

Ranar rufewa ya sa farar tobe ɗinsa ta Idi, ya jagoranci majalisa gaba ɗaya zuwa tantin, yana tafe yana gyaran murya. Suka sami salkar. An baje ta a jikin katako, an kafe ta da ƙusa huɗu don ta zauna da kyau, an kunna mata ƙwan lantarki a ka tun ranar farko don kowa ya more kallo. Ta ƙame kamar kilishi. Gefenta ga famfon tagulla yana walƙiya, a ƙarƙashinta kuma ga ɗan rubutu.

"Ya Hashimu, me suka rubuta?"

Hashimu ya yi tari, ya goge tabarau, ya nemi wani abin kallo a rufin tanti. Da Wada ya matsa masa, ya ce a hankali, "Sun ce, yadda ake shan wahala a zamanin da."

Wada ya matsa kusa. Ya miƙa hannu ya murɗa famfon, ko ɗigo. Ya sake murɗawa. Mai gadi ya taso yana kaɗa yatsa. "La, la, ya shaikh! Wannan na kallo ne bas, ba bututu a jikinsa." Can bayan tanti kuwa manyan baƙi ne a tsaye da kofuna, wani sagga ɗan Barno yana juye musu garwa a randa.

Da hannunsa ya zare ƙusoshin. Ya hau lori da ita a cinya, bai yarda kowa ya taɓa ba, kuma a karon farko a rayuwarsa ya iso Hindawiyya ba labari. Sa'adiya ta duba salkar, ta dube shi, ta koma kan tukunyarta. Da ma ta yi masa gori da ya fi jin sauƙi.

Kwana uku yana jiƙa ta, yana shafa kitse, yana murza ta a hankali da tafin hannu. A na huɗu ya kai ta bazan ya cika, ya saɓa a baya kamar yadda ya sha ganin ubansa na yi. Tun bai fita daga layin ba ya ji sanyi na bin gadon bayansa. Ruwa na tsiyaya ta ramin ƙusa huɗu, da ta wasu tsage-tsage da ido bai gani ba. Saggogi 'yan uwansa, da ba sa barin abin dariya ya wuce, ranar kowa ya sunkuyar da kai. Ya iso ƙofar gida rigarsa sharkaf, salka ba komai a ciki.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Abu Maryama," in ji Sa'adiya.

"Shekara bakwai tana hannun wanda bai san ko harafi ɗaya ba, ba ta zubar masa da ɗigo ba," in ji shi. "Ni na kai ta wurin masana."

Ran Juma'a bayan an sauko, hannunsa ya ɗauko kwanon kitse kafin ya tuna. Ya zauna a inuwar da yake rataye ta, kwanon a cinya, yana kuka kamar yau aka binne tsohon.